Tsoffin Waƙoƙi a Bakin Ɗan Tawaye: Tarihin Faifan Stardust

A ƙarshen shekarar 1977, cikin mawaƙan kiɗan karkarar Amurka, wanda ake kira kantiri, da wuya a sami wanda tauraruwarsa ke haskawa kamar ta Willie Nelson. Shekarunsa 44 a lokacin, ya shafe fiye da ashirin daga cikinsu yana faɗi-tashi a sana'ar, kuma ba a daɗe ba da kasuwa ta buɗe masa. Faifansa na 1975, Red Headed Stranger, ya ba shi waƙarsa ta farko da ta hau saman jadawalin kantiri da muryarsa. A 1976 kuma aka fitar da Wanted! The Outlaws, wanda ya haɗa shi da Waylon Jennings da wasu mutum biyu, ya zama faifan kantiri na farko da aka tabbatar an sayar da kwafi miliyan ɗaya nasa. Matasa sun san shi da doguwar suma da gemu da ƙyalle ɗaure a goshi, sun kuma ɗauke shi a matsayin ɗan tawayen da ya bijire wa masu mulkin sana'ar a birnin Nashville.

Ana cikin haka sai ya shaida wa kamfaninsa, Columbia, cewa faifansa na gaba zai ƙunshi tsoffin waƙoƙi goma ne, babu tasa ko ɗaya, babu ta kantiri ko ɗaya. Mafi tsufa a cikinsu an rubuta su a 1926, kafin a haife shi da shekara bakwai. Mafi ƙuruciya ta 1955 ce. Manyan kamfanin ba su yi murna ba, kuma in za a yi musu adalci suna da hujja. Mutum ne da aka sani da iya rubuta waƙa, yana da matasa masu saye, ga shi yana son ya miƙa musu abin da iyayensu da kakanninsu suka yi rawa da shi. Sai dai yarjejeniyar da ya sa wa hannu ta ba shi ikon yanke hukunci kan abin da zai rera. An ruwaito cewa amsar da ya bayar ita ce, tsofaffi za su saya domin sun san waƙoƙin, matasa kuma za su saya domin ba su san su ba, za su zaci sababbi ne.

Faifan ya fito a watan Afrilun 1978 da sunan Stardust. Ya yi mako 540 a jadawalin faya-fayan kantiri na mujallar Billboard, wato shekara goma da ɗoriya, aka kuma tabbatar da sayar da kwafi miliyan biyar nasa a Amurka. Amma ba cinikin ne ya sa nake ganin ya cancanci a waiwaye shi ba. Abin da ya fi jan hankali shi ne yadda waƙoƙin da aka yi wa kallon sun mutu suka sake samun rai, da kuma irin mutumin da ya tashe su.

Sai mun koma baya kaɗan kafin mu gane waɗanne irin waƙoƙi ne waɗannan. A wajenmu waƙa ta mawaƙinta ce. In aka ce waƙar Shata, shi ya tsara ta, shi ya rera ta, kuma duk wanda ya maimaita ta kwaikwayo yake yi. A Amurka ta farkon ƙarni na 20 ba haka abin yake ba. An raba aikin gida-gida: wani ya tsara karin, wani ya rubuta baitoci, kamfanin ɗab'i ya buga su a takarda, mawaƙa kuma su yi ta rerawa kowa da salonsa. Cibiyar wannan sana'a wani ɗan yanki ne na Titi na 28 a Manhattan ta birnin Niyok, wanda aka yi wa laƙabi da Tin Pan Alley saboda hayaniyar fiyano da ke tashi daga tagogin ofisoshin, kamar ana buga kwanonin tasa. Hajar da ake sayarwa a can takardar kiɗa ce, wadda iyali za su saya su ɗora a kan fiyanon falo. Saboda haka ba wata murya guda ce ke mallakar waƙa ba. Ribar mai ɗab'i ita ce bakuna da yawa su ɗauke ta.

Doka ma ta taimaka. Dokar haƙƙin mallaka ta 1909 ta tanadi cewa da zarar an naɗi waƙa a faifai an sayar da izinin mai ita, to kowa na iya naɗar tasa ba tare da neman yarda ba, muddin zai biya senti 2 a kan kowane kwafi. Wannan farashi bai motsa ba har ranar 1 ga Janairun 1978, lokacin da ya koma senti 2.75, 'yan watanni kafin fitowar Stardust. Wannan ƙaramin sashe na doka shi ne ƙashin bayan abin da Amurkawa ke kira standard, wato waƙar da ta zama gadon kowa, wadda ake sa ran duk mawaƙin da ya amsa sunansa ya iya ta.

Ita kanta waƙar da faifan ya ari sunanta ta isa misali. Hoagy Carmichael, ɗan garin Bloomington na jihar Indiana wanda ya karanta aikin lauya, shi ya tsara karin "Stardust", ya naɗe shi a 1927 a matsayin kiɗan rawa mai ɗan sauri, ba baiti ko ɗaya. Mitchell Parish ya sa masa baitoci a 1929. A 1930 ƙungiyar Isham Jones ta rage masa gudu, ta mayar da shi kiɗan bege, nan ne jama'a suka kama. Bing Crosby da Louis Armstrong suka rera a 1931, Artie Shaw ya busa a 1940, Nat King Cole ya yi tasa a 1957. An naɗe ta fiye da sau 1,500. Wace ce ta asali a cikin waɗannan? Tambayar ba ta da amsa, domin waƙar da duniya ta sani ba ita ce Carmichael ya fara bugawa ba. Hannuwa da yawa ne suka sassaƙa ta har ta kai siffar da take.

Su wane ne marubutan sauran? Nan ma akwai abin lura. Irving Berlin, mai "Blue Skies", an haife shi a daular Rasha a 1888, iyayensa Yahudawa suka yi hijira da shi zuwa Niyok yana ɗan shekara biyar. George da Ira Gershwin, masu "Someone to Watch Over Me", 'ya'yan baƙin haure ne daga Rasha su ma. Kurt Weill, wanda ya tsara "September Song", ya gudo daga Jamus a 1933 lokacin da 'yan Nazi suka hau mulki. Duke Ellington, mai karin "Don't Get Around Much Anymore", baƙar fata ne daga Washington. Dorothy Fields, wadda ta rubuta baitocin "On the Sunny Side of the Street", tana cikin mata ƙalilan da suka yi suna a sana'ar. Kundin da daga baya aka riƙa yi wa kirari da cewa shi ne muryar Amurka ta gaske, mafi yawansa aikin baƙi ne da 'ya'yan baƙi da jikokin bayi.

Mulkin wannan tsari ya fara girgiza tun 1941. Ƙungiyar ASCAP, wadda aka kafa a 1914 don karɓar kuɗin marubuta, ita ke riƙe da kusan duk manyan waƙoƙin Niyok. Da ta nemi ƙarin kuɗi mai yawa daga gidajen rediyo, sai suka ƙaurace wa waƙoƙinta na tsawon wata goma, suka koma ga kishiyarta BMI, wadda su da kansu suka kafa a 1939. BMI kuwa ta buɗe ƙofa ga waɗanda ASCAP ke yi wa kallon raini: mawaƙan karkara da baƙaƙen fata na kudu. Daga wannan kafa ce kiɗan kantiri da na baƙaƙe suka sami gindin zama a kasuwa, daga aurensu kuma aka haifi kiɗan rok a tsakiyar shekarun 1950. Bayan zuwan Bob Dylan da Beatles a shekarun 1960 sai ma'aunin ya juye ɗungurungum. Mawaƙi na gaske ya zama wanda ke rubuta abin da yake rerawa, mai rera waƙar wani kuma aka mayar da shi ɗan amshi. Ella Fitzgerald ta riga ta tattara gadon a faya-fayai takwas tsakanin 1956 da 1964, kowanne na marubuci guda ko abokan aiki biyu, aikin da babu kamarsa wajen inganci. Amma zuwa 1977 waɗannan waƙoƙi sun koma na gidajen caca na Las Vegas da bukukuwan tsofaffi.

To me ya kai ɗan ƙauyen Abbott na jihar Texas ga wannan kaya? Amsar ita ce bai taɓa ganin su a matsayin kayan wasu ba. An haife shi a 1933, cikin tsananin karayar tattalin arziki. Kakanninsa ne suka rene shi tare da yayarsa Bobbie, kuma su ne suka koya musu kiɗa, daga darussan da suke karɓa ta gidan waya. Bobbie ta iya karanta takardar kiɗa, tana buga fiyano. Shi kuma yana gefe da jita yana bin ta. Rediyo na kawo musu Frank Sinatra da Ernest Tubb a dare ɗaya. A zaurukan rawa na Texas, ƙungiyar Bob Wills na cakuɗa goge na karkara da jaz da waƙoƙin Niyok ba tare da wani ya ga baƙon abu ba. Mawaƙin da ke neman abinci a mashaya kuwa dole ya iya duk abin da aka roƙa.

Katangar da ke tsakanin kiɗan birni da na karkara, da tsakanin na farare da na baƙaƙe, 'yan kasuwa ne suka gina ta domin sauƙin talla. Har 1949 Billboard na kiran jadawalin baƙaƙe da sunan launin fata kai tsaye. Su mawaƙan sun daɗe suna tsallake ta. A 1930 Jimmie Rodgers, wanda ake kira uban kantiri, ya naɗi waƙa tare da Louis Armstrong. Fred Rose, wanda ya kafa kamfanin ɗab'i na Acuff-Rose a Nashville a 1942, da waƙoƙin birni ya fara sana'arsa a Chicago, kuma shi ne marubucin "Blue Eyes Crying in the Rain", waƙar da ta ɗaga Nelson a 1975. A 1962 Ray Charles ya ɗauki waƙoƙin kantiri ya rera su da salonsa a faifan Modern Sounds in Country and Western Music, ana tsakiyar gwagwarmayar 'yancin baƙaƙe. Abin da Nelson ya yi bayan shekara goma sha shida, bin wannan hanya ce daga ɗaya ɓangaren.

Akwai kuma wani abu da ya shafi rayuwarsa. Nelson ya san ɗacin zama marubucin da wasu ke cin moriyarsa. Yana matashi cikin talauci ya sayar da waƙarsa "Night Life" a kan dala 150. A 1961 Patsy Cline ta yi suna da "Crazy", Faron Young kuma da "Hello Walls", duka alƙalaminsa ne, alhali faya-fayansa na kansa ba sa tafiya, domin masu tsara kiɗa na Nashville sun ga muryarsa ta hanci ce, kuma ba ya bin kiɗa yadda aka saba. Gobara ta cinye gidansa na Tennessee a 1970, daga baya ya tattara ya koma Austin. Mutumin da ya rubuta "Crazy", wadda ita ma ta zama gadon kowa, ba ya bukatar a koya masa darajar waƙar da ta fi mawaƙinta tsawon rai. Kuma a lura, da ya cika faifan da waƙoƙinsa, da kason marubuci aljihunsa zai shiga. Ya bar wa Berlin da Carmichael, waɗanda dukansu suna raye a lokacin, da sauran marubutan ko magadansu.

Zaɓin wanda zai tsara kiɗan ya ƙara tayar da hankalin kamfani. Nelson ya ɗauko maƙwabcinsa a Malibu ta Kalifoniya, Booker T. Jones, baƙar fata ɗan Memphis, jagoran ƙungiyar Booker T. & the M.G.'s ta kamfanin Stax, wanda duniya ta sani da kiɗan "Green Onions" na 1962. Ba ɗan kantiri ba ne, ba kuma ɗan Tin Pan Alley ba. Amma ya yi karatun tsara kiɗa a Jami'ar Indiana da ke Bloomington, makarantar da Carmichael ya yi. Nelson ya fara gwada shi da "Moonlight in Vermont", waƙar 1944 mai wani abin mamaki: baitocinta ba su da amsa-amo ko kaɗan, amma kunne ba ya lura. Da ya ji abin da Jones ya yi da ita sai ya miƙa masa faifan duka.

An yi naɗin cikin kwanaki kusan goma a Disamban 1977, a wani gida a yankin Los Angeles inda mawaƙiya Emmylou Harris ke zaune, da na'urorin da ke cikin wata babbar mota a waje. 'Yan ƙungiyarsa ta yawo ce suka buga: Bobbie a kan fiyano, Paul English a kan ganguna, Mickey Raphael da ƙaramar abar busa ta baki da ake kira hamonika, shi kuma da tsohuwar jitarsa ƙirar Martin mai tsirkiyar nailan, wadda ya raɗa wa suna Trigger.

Wanda ya saurari faifan zai fara lura da abin da babu a cikinsa. Al'adar da aka gada ita ce a lulluɓe irin waɗannan waƙoƙi da tarin goge da ƙahoni, mawaƙi kuma ya nuna ƙarfin huhu. Jones ya bar fili. Akwai goge da ƙaho jefi-jefi, amma a can baya suke, kamar fitilar maƙwabta. Muryar Nelson siririya ce, ba ya tilasta ta. Fasaharsa tana ga lokaci: sai ya bar kiɗa ya wuce shi, ka ce ya makara, sannan ya tarar da shi a ƙarshen layi, wani lokaci kuma ya riga shi. Wannan ɗabi'a ce ta mawaƙan jaz, ita ce kuma Nashville ta ɗauka aibi ce shekara goma sha biyar kafin nan. A bugun jitarsa ana jin tasirin Django Reinhardt, makaɗin jaz na Faransa da ya fi ƙauna. "Blue Skies" waƙar farin ciki ce a bakin Al Jolson cikin fim ɗin The Jazz Singer na 1927; a bakin Nelson sai aka ji cewa karinta da sautin baƙin ciki yake farawa, kuma mai murnar bai gama yarda da sa'arsa ba. "September Song" kuwa an rubuta ta a 1938 domin Walter Huston, ɗan wasan kwaikwayo mai ƙaramar murya, yana fitowa a matsayin dattijo mai neman budurwa yana lissafin kwanakin da suka rage masa. Tun asali ba a yi ta don gwanin murya ba, shi ya sa ta zauna wa Nelson daram.

"Georgia on My Mind" ce ta fi haɗari, domin Ray Charles ya riga ya kai ta saman jadawalin ƙasa a 1960, kuma kowa na ganin ta zama tasa. Nelson bai yi gasa da shi ba, ya rera ta a hankali kamar mai hira da kansa a cikin mota. Ta hau saman jadawalin kantiri, ta kuma ba shi kyautar Grammy a 1979, shekarar da jihar Georgia ta ɗauki waƙar a matsayin takenta. "Blue Skies" ita ma ta kai lamba ɗaya. Wato waƙar wani Bayahude ɗan hijira, wadda ta haura shekara hamsin, ta zama ta farko a rediyon manoma da direbobin manyan motoci.

Abin da ya biyo baya shi ne abin da ke bin kowace nasara a kasuwa. Linda Ronstadt ta yi What's New a 1983 tare da Nelson Riddle, wanda ya tsara wa Sinatra kiɗa. Ita ma an gargaɗe ta, ita ma ta yi ciniki. Natalie Cole ta rera waƙoƙin mahaifinta a 1991. A 1992 aka ware wa wannan salo rukuni na musamman a kyautar Grammy. Tony Bennett, wanda bai taɓa barin waƙoƙin ba ko a lokacin da aka juya masa baya, ya dawo da ƙarfinsa a 1994. Sai Rod Stewart, wanda ya fitar da faifai biyar tsakanin 2002 da 2010 da sunan The Great American Songbook. Na uku, na 2004, shi ma Stardust aka sa masa, ya hau saman jadawalin ƙasa, ya kuma ba shi Grammy ɗinsa na farko.

A nan ra'ayina ya rabu da na masu lissafin ciniki. Zuwa zamanin Stewart abin ya zama tafarki sananne: mawaƙi ya manyanta, sababbin waƙoƙinsa sun daina shiga rediyo, sai ya sa kwat da laƙtaye, a tara masa makaɗa, ya bi jerin da kowa ya sani. Ba laifi ba ne, kuma miliyoyin mutane sun ji daɗi. Amma mafi yawan waɗannan faya-fayai suna rera tunanin waƙar ne, ba waƙar ba. Suna sayar wa mai sauraro hoton wani zamani na kyawawan tufafi da ladabi, wanda ko a lokacinsa bai kasance haka ga kowa ba. Nelson ya yi nasa yana kan ganiyarsa, lokacin da yake da abin da zai rasa, kuma bai canza ko riga ba. Wanda ya fi kusa da shi a ruhi, a ganina, shi ne Bob Dylan, mutumin da ya fi kowa rushe tsohon tsarin, wanda ya dawo yana da shekara 73 ya fitar da Shadows in the Night a 2015, duka waƙoƙin da Sinatra ya taɓa rerawa, da 'yar ƙaramar ƙungiya da muryar da shekaru suka cinye. Ya bi shi da wasu biyu a 2016 da 2017. Akwai masu cewa ba ya sauraruwa. Ni dai na fi yarda da dattijon da ake jin tsufansa a kan wanda aka goge masa shi da na'ura.

Nelson bai bar kundin ba. A 2015 Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka ya ba shi lambar girma mai ɗauke da sunan Gershwin, ya mayar da biki da faifan waƙoƙin 'yan'uwan biyu a 2016, sannan ya yi na Sinatra a 2018, duka biyun suka ci Grammy. Bobbie, wadda ta fara buga masa waɗannan karuruwa daga takarda a Abbott, ta ci gaba da zama a kan fiyano a bayansa har kusan rasuwarta a watan Maris na 2022.

A ranar 1 ga Janairun 2022 kuma, wa'adin shekara 95 da dokar Amurka ta ba ayyukan 1926 ya cika. "Someone to Watch Over Me", waƙar da ta rufe faifan Stardust, ta fita daga hannun masu haƙƙin mallaka. Duk wanda ya so rera ta a Amurka yanzu ba ya biyan kowa ko senti ɗaya.